Fuska da Alƙalami: Masu Zana Mutum da Rubutun Hannu a Ƙasar Zamfara

Ranar kasuwar Mada, tun kafin rana ta take tsaka, manyan motoci sun riga sun jeru a wurin lodin hatsi. 'Yan dako na kai da komo da buhunan masara da dawa da waken suya, ƙura ta turnuƙe, hankalin kowa na kan awo da ciniki. Wanda ya ɗan ja da baya ya dubi jikin motocin nan kuwa, zai ga abin kallo da ba a biyan ko sisi a kansa.

Nan zaki ne ya wage baki, can shaho ya ware fukafukai, gaba kaɗan fuskar wani dattijo ce da farin rawani. Da wuya ka ga zanen ya tsaya shi kaɗai. Sai an ɗora masa magana a sama ko a ƙasa: haƙuri maganin zaman duniya, ko Allah gatan kowa, ko sunan mai motar da na garinsu. Wani da boko, wani da ajami, wani an gwama biyun, duk da burushi da hannun mai fenti.

A 'yan shekarun nan wannan tsohuwar ɗabi'a ta samu sabon gida, wato wayar hannu. Matasa masu zane da fensir da biro suna ɗora ayyukansu a Facebook da TikTok da WhatsApp, ana ba su kwangilar zana ango da amarya, ko mahaifi, ko wani mai sarauta. A cikinsu akwai waɗanda ba sa barin rubutu a gefe. Suna shigar da shi cikin jikin zanen, har ya zama da haruffa aka gina rawanin, da kalmomi aka yi inuwar kunci. Daga nesa fuska kake gani. Ka matso kusa, sai ka tarar kana karatu.

Abin da ya zaburar da matasa da yawa ga zanen fuska ba ɓoyayye ba ne. A watan Yuli na 2018 wani yaro ɗan shekara 11, Kareem Waris Olamilekan, ya zana shugaban Faransa Emmanuel Macron cikin kamar awa biyu lokacin da ya kawo ziyara Legas. A farkon 2019 kuma Eli Waduba Yusuf na Kaduna ya zana ɗan wasan barkwancin Amurka Kevin Hart da fensir, hoton ya zaga duniya ta Twitter, mai fuskar ya gani ya saya. Daga nan yara da dama suka gane ashe fensir ma jari ne.

Sai dai waccan hanya, ta kwaikwayon kyamara har a kasa bambance zane da hoto, aro ce. Wadda nake ganin ta fi kusa da jininmu ita ce ta haɗa fuska da rubutun hannu, kuma ƙasar Zamfara na da duk kayan aikinta tun kafin a san fensir.

Fuskar da ake karantawa

A Hausa kalmar zane ta ɗauki abin da mai fensir ke yi a takarda, ta kuma ɗauki abin da wanzami ke yi da aska a kuncin jariri ranar suna. Dattawanmu karanta fuska suke yi. Da ganin tsagar mutum an san Bazamfare ne ko Bagobiri ko Bakatsine ko Bakabe, an san wa zai yi wa wasan taubasantaka. Al'adar ta ja baya ƙwarai, kuma dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga, amma tunanin cewa fuska na ɗauke da bayani bai gushe ba.

Ɗaya hanyar da Bahaushe ke zana mutum ita ce baki. Kirari hoto ne da aka yi da kalmomi: a faɗi asalin mutum, a kamanta shi da giwa ko dutse ko gulbi, a ambaci abin da ya gada da wanda ya kayar. Ƙasar nan ta haifi gwanayen wannan aiki, irin su Salihu Jankiɗi na Rawayya a yankin Bunguɗu, da Sa'idu Faru, da Musa Ɗanƙwairo. Mutane da yawa ba su taɓa ganin sarakunan da aka yi wa waƙoƙin ba, amma suna jin kamar sun san tsayinsu da tafiyarsu.

Babban misali shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya shafe shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi. Ya rasu a 1817, fiye da shekara ashirin kafin a fito da kyamara a Turai a 1839. Duk wani hoto da ke yawo a waya da sunan nasa, ƙirƙirar wani ce ko hoton wani mutum daban. Abin da muka san Shehu da shi littattafansa ne da waƙoƙinsa da abin da almajiransa suka rubuta a kansa, waɗanda ake adana kwafe-kwafensu a wurare irin su gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Al'umma ce da ta saba gane manyanta ta tawada.

Ko a aljihu ma haka abin yake. Takardar naira 200 tana ɗauke da fuskar Sardauna Ahmadu Bello, ta naira 1,000 kuma da na Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, kuma a jikin kowace akwai ajami mai faɗin darajar kuɗin da Hausa. Da Babban Bankin Nijeriya ya cire ajamin daga ƙananan takardu a 2007, sannan daga sabuwar naira 100 a 2014, ƙorafin da aka yi a Arewa ya nuna yadda mutane suka ɗauki 'yan haruffan nan da muhimmanci.

Hannun da tsangaya ta horar

Kusa da Tsafe akwai 'Yandoto, garin malamai da ya yi suna wajen karatu tun kafin jihadi, har rundunar Muhammadu Bello ta ci shi a farkon ƙarni na 19. Daga wannan yanki Malam Sambo Ɗan Ashafa ya fito ya kafa Gusau. Tawada da alƙalami tsofaffin 'yan gari ne a nan.

Duba yadda ake horar da yaro a makarantar allo. Yana farawa da babbaƙu, ya wuce farfaru, kuma sunayen da ake kiran haruffan da su ma siffa suke bayarwa: lam jaye, mim jaye, ha kuri, ɗa mai hannu. Tun yana ƙolo ake nuna masa harafi abu ne mai jiki, yana da kai da ciki da wutsiya. Zai wanke allo ya sake rubutawa sau dubbai kafin ya zama gardi. Idan Allah ya kai shi matsayin alaramma, zai zauna ya rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, shafi bayan shafi, ba tare da layin ya karkace ba.

Kayan aikinsa duk na gida ne. Allon itace, galibi na aduwa. Alƙalamin kara ko na gamba, a fiƙe bakinsa da reza gwargwadon kaurin da ake so. Tawadar allo gawayi ce da ƙaro, mai wankuwa da ruwa. Ta takarda kuwa ana dafa ta da bagaruwa da kashin maƙera, ta kama ta daɗe ba ta koɗe ba. Baƙi na haruffa, ja na wasulla, sai ɗorawa da kore na wasu alamomi na riwayar Warshu. Tsofaffin littattafanmu da yawa an rubuta su a kan wata takarda mai tambarin jinjirin wata uku da ake kawowa daga Italiya ta hamada.

Salon rubutun ma namu ne. Masu bincike suna bambanta rubutun Barno da na Kano, dukansu masu kauri da kusurwa, dangin rubutun Magariba. A Kano sunan Sharif Bala Gabari ya shahara, domin Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa an buga shi da yawa, ya shiga makarantun allo birni da ƙauye.

Sai kuma zayyana, allon da ake ƙawatawa ranar saukar karatu. Mai zayyana yana zana da'irori da murabba'ai da sarƙaƙƙun layuka masu launi, ya bar fili a tsakiya a rubuta Fatiha da farkon Baƙara. Babu fuska a jikin allon, amma kowa ya san na wane ne. Shi yaron zai riƙe ya zaga dangi, a yi masa barka, a ajiye allon a ɗakin uwarsa shekara da shekaru. Wani masani ɗan Sudan, Salah Hassan, ya wallafa littafi guda a 1992 kan wannan fasaha ta malaman ƙasar Hausa, a lokacin da mu kanmu ba mu cika kiranta fasaha ba.

Ga abin da ke damuna. Mutumin da ya fi kowa iya sarrafa layi a garuruwanmu, wanda hannunsa ba ya rawa, yana zaune a zaure yana rubuta allo da rubutun sha, ana kallonsa a matsayin wanda bai yi makaranta ba. Yaron da ya karanta zane a kwaleji kuma ya iya inuwa da ma'aunin fuska, amma in ya zo rubutu sai ya koma kwamfuta ya kwafo. Unguwa ɗaya suke, masallaci ɗaya suke salla, sana'arsu ba ta taɓa gaisawa ba.

Abin da malamai ke cewa

Ba a maganar zanen fuska a Zamfara a tsallake hukunci. Jihar da aka ƙirƙiro a 1996 ita ce ta fara shelar faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a watan Oktoba na 1999, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura. Yaron da ya ɗauki fensir a nan, tambayar farko da zai ji a gida ita ce: wannan ya halatta kuwa?

Hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu surantawa suna cikin Bukhari da Muslim, babu mai musun ingancinsu. Akwai kuma labarin mutumin da ya gaya wa Abdullahi ɗan Abbas cewa da zane yake ci, sahabin ya ba shi shawarar ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Malaman da suka tsaya kan zahirin waɗannan nassosi suna hana zanen duk mai rai da hannu, ko da sun yi sassauci ga hoton kyamara saboda larura irin ta fasfo da katin shaida.

A mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar nan ta gada, akwai rarrabewa. Abin da aka haramta kai tsaye shi ne mutum-mutumi mai inuwa, cikakken halitta. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango bai kai can ba, ana sanya shi a sahun makaruhi ko abin da barinsa ya fi. Wannan ne ya sa wasu masu zane suke tsayawa a kai da kafaɗa, ba sa cika jiki.

A aikace kuma mutane sun kasu. Shiga shagon ɗan Tijjaniyya za ka iya tarar da hoton Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda ya rasu a 1975, an kewaye shi da salati da addu'a, a kalanda ko sitika ko jikin keke napep. Ga masoyansa, duban fuskar tunatarwa ce. 'Yan Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978, suna ganin nan ne ainihin ƙofar da ake tsoro, wato girmama hoto har ya wuce iyaka. Muhawarar ta daɗe, kuma ba wannan shafi ne zai raba ta ba.

Amma akwai wurin da kusan kowa ya haɗu: ba a gina fuskar mutum da ayar Alƙur'ani. Mai zane yana lanƙwasa harafi, yana yanke kalma inda inuwa ta ƙare, yana maimaita layi don ya cike gurbi. Ba a yi wa aya haka. Ga shi kuma takarda tana faɗuwa ƙasa, hoton waya yana shiga ko'ina. Ina tare da wannan ra'ayi ɗari bisa ɗari, kuma bai rage wa mai zane komai ba. Hausa cike take da karin magana da kirari da take da addu'o'in fatan alheri na yau da kullum, waɗanda za su ishe shi aiki har ƙarshen rayuwarsa.

Daga Istanbul zuwa Tuba

Ba mu kaɗai muka fuskanci wannan tambaya ba. A Istanbul na daular Usmaniyya, gwanin rubutu Hafiz Osman, wanda ya rasu a 1698, ya tsara abin da ake kira hilya. Siffofin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda Sayyidina Ali ya bayyana su kuma Tirmizi ya ruwaito, su ake rubutawa cikin da'ira da kyakkyawan hannu, a rataye a ɗaki. Babu ido, babu hanci, kalmomi ne zalla, mai karatu ya gani da zuciyarsa. Har yau ana rubuta hilya a Turkiyya.

A Senegal kuwa, shekaru da yawa hoto ɗaya tak aka sani na Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya kafa ɗariƙar Muridiyya da birnin Tuba. An ɗauki hoton wajen 1913, lokacin da Faransawa ke tsare da shi, yana sanye da fararen kaya, mayafi ya rufe rabin fuskarsa. Daga wannan hoto guda almajiransa suka cika bangayen Dakar da motocin haya da zane, wasu kuma suka riƙa cike farar rigar da rubutun Larabci har siffar ta zama rubutu. A 2003 wani gidan tarihi na Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ya shirya babban baje koli a kan wannan fasaha.

Wanda labarinsa ya fi kama da namu shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ya je Landan ya koyi zane irin na Turawa, ya dawo Khartum ya baje ayyukansa, mutanen gari suka zo buɗewa ba su sake waiwayarsa ba. Sai ya tambayi kansa me suke ratayewa a ɗakunansu, ya ga rubutu ne da ado irin na allo. Ya koma ga haruffan da ya koya a gaban mahaifinsa, yana jan su yana buɗe su, har fuskoki suka fara leƙowa daga tsakaninsu.

El-Salahi ya baje ayyukansa a Ibadan a farkon shekarun 1960. A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kober ba tare da shari'a ba, inda ya riƙa zane a ɓoye a kan guntayen takardar buhun siminti yana binnewa a yashi. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya shirya masa baje kolin ayyukan rayuwarsa. Ɗan makarantar allo ne, kuma allon ne ya fitar da shi.

A Zariya ma, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, kiran da suka yi ke nan: a koyi dabarar Turawa, amma kowa ya koma gidansu ya ɗebo abin da ya gada. Okeke ya ɗebo zanen uli na matan Ibo. Gadonmu na Arewa, mai tarin yawa, har yanzu kaɗan aka taɓa.

Yadda ake aikin

Mai zane yana farawa da hoton da aka ba shi. Zai ja layuka a kansa kamar gidan dara, ya ja irinsu a kwalin da zai yi aiki, ya kwashe iyakar fuska gida-gida da fensir mara nauyi. Kuskure kaɗan a tazarar idanu ko tsawon karan hanci ya isa a ce, ai wannan ba shi ba ne.

Daga nan sai neman inuwa. Ƙarƙashin gira, gefen hanci, ƙasan leɓe, ƙarƙashin haɓa, nan duhu ke taruwa. Goshi da tsinin hanci da saman kunci kuwa haske ke sauka. Dabarar duka ita ce, inda ake son duhu a matse haruffa, a ƙanƙanta su, a danna alƙalami, har a rubuta wani layi a kan wani. Inda ake son haske a sake su, a ba su fili, ko a bar takardar fara. Baƙar fata tana da wuyar sha'ani a nan, domin in an cika duhu sai kamanni su nutse. Gwani yana barin ɗan sheƙi a goshi da kunci, wanda shi ke sa fuskar ta yi rai.

Layin rubutu kuma ba ya tafiya miƙe kamar na littafi. Yana bin naɗin rawani, ya gangaro da saje, ya kewaye wuyan riga, ya bi aikin aska takwas a ƙirjin babbar riga ko lanƙwasar mayafi. A nan ajami ya fi boko daɗin aiki, saboda haruffansa a haɗe suke, suna jawuwa, wutsiyoyinsu suna saukowa kamar gashin gemu. Boko a tsaye yake, ya fi dacewa da bango ko ƙirar hula. Mai rubuta Hausa da boko kuma ya kula da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ. Hoton da za a rataye shekara talatin bai kamata a rubuta masa kasa a inda ake nufin ƙasa ba.

Idanu dai a bar su. Duk gwanintar mai rubutu, in ya cusa kalmomi cikin ƙwayar ido, mutumin ya tafi. A zana su da fensir ko gawayi, a bar ɗigon haske a ciki, rubutun ya tsaya a bakin gira.

Abin da ya fi duk wannan wuya shi ne zaɓen abin da za a rubuta. Yabon da za a iya yi wa kowa ba ya ƙara wa hoto komai. Mai zane na ƙwarai sai ya zauna da masu hoton ya tambaya: me yake yawan faɗa, wane suna kakarsa ke kiransa, mene ne taken gidansu, me yake nomawa? Amsar waɗannan ita ke bambanta hoton Malam wane da na duk wani mai rawani.

Hoton wanda ba ya nan

Yawancin aikin da ake kawowa na murna ne: biki, naɗin sarauta, kammala makaranta, ritaya, sai lokacin zaɓe da 'yan siyasa ke cika bango. Amma wanda ya san halin da ƙauyukan Gusau da Tsafe da Bunguɗu suka shiga fiye da shekara goma, ya san akwai wata buƙatar.

Hare-haren 'yan bindiga sun tashi garuruwa, sun raba mutane da gidajensu cikin dare. Wanda ya gudu da rigar jikinsa bai tsaya ɗaukar hoton bango ba. Hotunan da ke waya sun tafi tare da wayar. A watan Satumba na 2021 har layukan sadarwa aka rufe a faɗin jihar, aka dakatar da kasuwannin mako. Gidaje da yawa abin da ya rage musu na mahaifi ɗan ƙaramin hoto ne a katin zaɓe, ya koɗe, ya kakkarye.

Ɗauki irin wannan gida. Akwai katin, akwai kuma wataƙila wata takarda da marigayin ya rubuta da hannunsa: lissafin buhunan da ya ba da bashi, ko addu'ar da ya kwafa, ko sunayen 'ya'yansa da ranakun haihuwarsu a bayan wani littafi. Fuskar da ke katin kowa na iya ɗaukarta. Rubutun kuwa motsin hannunsa ne, inda ya danna da inda ya yi sauri. Mai zanen da ya faɗaɗa fuskar, ya kwaikwayi wannan hannu ya kewaye ta da shi, ya ƙara da Allah ya jiƙansa a ƙasa, ya ba marayu abin da za su nuna wa nasu 'ya'yan.

Akwai iyalan da ba za su so a rataye hoton mamaci ba, saboda fahimtarsu ta addini ko don kada ya riƙa tayar da baƙin ciki. Su ma akwai abin da za a yi musu, irin hanyar hilya da zayyana: suna da nasaba da halayen mutum, da kyakkyawan hannu, cikin ado, babu fuska.

Inji ya shigo kasuwa

Masu rubutun allon shago da fentin mota su suka fara jin jiki. Da, duk mai buɗe kanti ko wurin aski sai ya nemi mai burushi. Yanzu yaro ne a gaban kwamfuta, ya haɗa hoto da rubutu cikin mintuna, inji ya buga a ƙyallen roba, a ɗaura. Ya fi sauri, ya fi araha, kuma ɗan siyasar da ke son fastoci dubu kafin wayewar gari ba zai jira hannu ba. Ga kuma manhajojin waya da ke mayar da hoto kamar zanen fensir, har da masu cike fuska da kalmomi kai tsaye.

Masu buga ƙyallen suna da hujjarsu. Su ma sana'a suke, sun ɗauki yara aiki, kuma mai shago talaka ya samu allo mai kyau da kuɗi kaɗan. Gaskiya ne. Sai dai rana da iskar hunturu ba sa raga wa robar, kafin shekara ta zagayo ta yi fari ta yage. Haruffanta kuma iri ɗaya ne daga Gusau har Legas. Na'urar tana da rubutun Larabci irin na Gabas, amma hannun Kano da na Barno, mai kaurin nan da almajiri ke ganewa tun daga nesa, ba kasafai ake samunsa a cikinta ba.

Mai zanen hannu yana da nasa matsalolin. Takarda mai kyau da fensira masu daraja daga nesa ake kawo su, kuɗinsu na bin dala. Aikin da ya ci mako biyu, mai saye zai taya shi kamar hoton minti biyar. Wani ma cewa zai yi a zana shi kyauta, ai za a ga aikin a shafinsa. Iyaye kuma sukan ce wa yaro ya bar wasa ya nemi sana'a.

Gyaran ba ya buƙatar sabon gini. Gusau na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013. Ɗaya daga cikinsu za ta iya gayyato alarammomi da masu zayyana su koyar da riƙon alƙalami da haɗa tawada, a biya su kamar kowane malami, su ma gardawansu su koyi ma'auni da inuwa. Musabaƙar Alƙur'ani da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa a 1986 ta ɗaga darajar mahaddata a idon jama'a. A shekarar ce kuma wata cibiyar tarihi da al'adun Musulunci da ke Istanbul ta fara gasar rubutun hannu ta duniya. Gasar rubutu da zayyana a matakin ƙaramar hukuma, da kyauta mai tsoka, za ta fito da hannayen da ke ɓoye a zaurukan Mada da Tsafe da Kwatarkwashi.

Da la'asar sakaliya motocin kasuwar Mada suke tashi, kowa na son ya kai babban titi kafin duhu. A bayan wasunsu fentin ya fara ɓarewa, rawanin dattijon ya koma ruwan ƙasa, rabin karin maganar ya goge. Idan mai motar ya tashi gyara bayan kaka, zai tarar da mai sitika a bakin tasha, an buga an gama, sai mannawa. Mai burushin da ya yi ainihin aikin kuwa sai ya yi cigiyarsa a cikin gari.